Gidan gado mai satifiket da sunan wani: ta ina ake fara gyaran takardu kafin a biya kuɗi?

Ɗan Tarauni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar lauyoyi da malamai da duk wanda ya san harkar filaye a Kano game da wani gida da aka yi mini tallarsa a Hotoro. Mun yi ciniki har an sallama mini a kan naira miliyan 48, amma ko kafin alƙalami ban bayar ba, saboda abin da na gani a takardun ya sa jikina ya yi sanyi.

Filin awon gwamnati ne, kuma yana da takardar shaidar mallaka tun ta shekarun 1980, sai dai sunan da ke jikinta na mutumin da gwamnati ta fara bai wa filin ne. Shi wannan mutumin ya sayar wa wani Alhaji filin tun ba a yi gini a kansa ba, suka rubuta takardar ciniki da hannu, mai unguwa da shaidu biyu suka sa hannu, sannan ya miƙa masa satifiket ɗin. Alhaji ya gina gida, ya zauna da iyalinsa kusan shekara 25, bai taɓa zuwa ma'aikatar ƙasa an sauya suna ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata biyu, da 'ya'ya maza 6 da mata 5, da kuma mahaifiyarsa, wadda ita ma ta rasu bayansa da kamar shekara biyu. Ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ta rasu bara ta bar miji da 'ya'ya, biyu daga cikin mazan ba su balaga ba, ɗaya kuma yana aiki a Saudiyya.

Babban ɗan marigayin ne yake sayarwa. Ya ce 'yan'uwansa duka sun amince, kuma sauran dukiyar ma a cikin gida suka raba ta tsakaninsu ba tare da zuwa kotu ba. Dillalin ya ce mini haka ake yi a ko'ina: in karɓi satifiket da tsohuwar takardar ciniki, a rubuta mini sabuwa, mai unguwa ya sa hannu, in shiga gidana. Abin da nake son sani shi ne ko waɗannan takardu sun isa su kare ni da 'ya'yana, idan kuma ba su isa ba, kotu ake fara zuwa ko ma'aikatar ƙasa, kuma tsakanina da magada wane ne ya kamata ya ɗauki nauyin kuɗin gyaran. Kuɗin nan tarin shekaru ne, ba ni da wasu a bayansu.

Lauya Mazaunin Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta wa kanka da ka riƙe kuɗinka tukuna. Matsalar gidan nan biyu ce, kuma kowace da ƙofar da ake bi a warware ta: ɗaya ita ce sunan da ke cikin fayil ɗin gwamnati, ɗayar kuma ita ce su wane ne ainihin masu gidan a yau. Zan tsaya a kan ta farko, domin na san akwai malamai a nan da za su fi ni yi wa ta biyu adalci.

Tun daga ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a filin gidan zama yawanci na shekara 99 ne, satifiket kuma shaida ce ta wannan haƙƙin. A nan Arewa tsarin ba baƙo ba ne, domin a kansa aka gina Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962, ita ma kuma ta gaji dokokin Turawan mulki na 1910 da 1916. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai riƙe da irin wannan haƙƙi ya sayar ko ya jinginar ko ya miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba wasa a cikin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba tare da amincewar gwamna ba ta rushe.

Saboda haka a wurin ma'aikatar ƙasa, mai filin har gobe shi ne mutumin farko. Wannan ba ya nufin Alhaji ya yi asarar kuɗinsa. Mutumin da ya biya, ya shiga, ya gina, ya zauna shekaru ba wanda ya yi masa jayayya yana da haƙƙin da kotu take karewa, kuma takardar cinikin tana zama shaidar biyan kuɗi. Amma salsalar mallakar ta yanke a wurinsa, kuma kai za ka saya ne daga ƙasan inda ta yanke. Banki ba zai karɓi gidan jingina daga hannunka ba. Idan gwamnati ta aika da sanarwa a kan bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, ko a kan soke haƙƙin domin hanya ko wani aikin jama'a kamar yadda sashe na 28 ya ba ta dama, da sunan mutumin farko za ta fito, kuma kai ne za ka yi ta faman tabbatar da cewa diyyar ginin taka ce. Abin da ya fi waɗannan tayar mini da hankali shi ne, mutumin farko ko magadansa suna iya yin rantsuwa a kotu cewa satifiket ɗin ya ɓata, su nemi kwafin gwamnati, su kai shi banki ko su sayar wa wani. Ko da kai ne za ka yi nasara a ƙarshe saboda kana cikin gidan, shari'ar fili a Babbar Kotu tana cin shekaru da dukiya.

Matakin farko kuwa ba ya buƙatar yardar kowa sai kwafin satifiket ɗin. Ka sa lauyanka, ba lauyan masu sayarwa ba, ya rubuta takardar neman bincike zuwa ma'aikatar ƙasa, inda hukumar KANGIS take ajiye bayanan filaye, a biya kuɗin bincike a asusun gwamnati, a ba ku rahoto a rubuce. Rahoton ne zai nuna ko lambar fayil ɗin ta gaskiya ce, da sunan wa yake, ko akwai jingina a kansa, ko an taɓa soke shi, ko wani ya shigar da gargaɗi, da kuma yawan kuɗin ƙasan da ya taru. Kada ka karɓi “na duba maka, lafiya lau ne” daga bakin kowa, komai kusancinsa da ofishin. Kuma ka sani cewa ko satifiket na gaskiya ba shi ne ƙarshen magana ba, domin a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 Kotun Ƙoli ta ce ba ya ba mutum abin da wani ya riga shi mallaka da hujja mafi ƙarfi. Shi ya sa tambayar maƙwabta da mai unguwa tana da amfaninta, amma a matsayin ƙari a kan binciken fayil.

Almajirin Fiƙihu

Allah ya saka wa Barista da alheri. Malam Ɗan Tarauni, kalmar da ta fi tsaya mini a cikin bayaninka ita ce “'yan'uwansa duka sun amince”, domin masu gidan nan sun fi 'yan'uwansa yawa, kuma wataƙila shi kansa babban ɗan bai lura ba.

Mu ƙaddara cewa an riga an biya bashin marigayi an fitar da wasiyyarsa, idan akwai, daga sauran dukiyar, kuma mahaifinsa ya riga shi rasuwa. A cikin miliyan 48, matan biyu suna da tumuni, wato miliyan 6, kowace miliyan 3. Mahaifiyarsa tana da sudusi, miliyan 8. Ragowar miliyan 34 a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, sai ya zama kashi 17: kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. To, mahaifiyar ta gaji ɗanta tun ranar da ya rasu, ko an raba ko ba a raba ba. Da ta rasu, miliyan 8 ɗin nan ya koma ga nata magadan, wato 'ya'yanta da suke raye a lokacin, baffanni da gwaggonnin mai sayar maka da gida. Idan tana da ɗa namiji a raye, jikokinta na wajen marigayi ba su da komai a cikin wannan kaso. Haka 'yar da ta rasu bara: a miliyan 2 ɗinta mijinta yana da rubu'i tunda ta bar 'ya'ya, mahaifiyarta tana da sudusi, saura na 'ya'yanta ne. Wannan shi ne abin da malaman gado suke kira munasakha, kuma duk shekarar da aka ƙara ba a raba gida ba, masu haƙƙi a cikinsa ƙaruwa suke yi. Ka tambayi babban ɗan ko ya nemi yardar baffanninsa da mijin ƙanwarsa.

Sai maganar marayu biyu. A mazhabar Malikiyya, wanda yake da ikon sarrafa dukiyar yaro shi ne uba, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali. Zama babban wa ba ya ba mutum wannan iko, haka zama uwa ko baffa. Idan Alhaji bai naɗa wasiyyi ba, alƙali ne kaɗai zai duba ko sayarwar maslaha ce ga yaran, ya tabbatar farashin bai gaza ƙimar gidan ba, ya kuma faɗi inda za a ajiye kasonsu. Idan an tsallake wannan, yaran suna da damar tayar da magana ranar da suka mallaki hankalinsu, kuma kai za su tarar a cikin gidan.

Wanda yake Saudiyya shi ma ba a yi masa shaidar baki. Mutumin da ya sayar da kason wani ba da izininsa ba, cinikin yana rataye ne a kan amincewar mai kason. Idan kuma nasa kason kawai ya sayar a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da shufu'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason. A cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce wanda yake gari ba shi da shufu'a bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Saboda haka a nemi wakilci a rubuce daga gare shi, wanda kotu za ta gamsu da shi.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa sai an zauna gaban alƙali, kamar wata daga cikin matan ta ce marigayi ya ba ta ɓangaren da take ciki kyauta, ko tana bin sa ragowar sadaki. Kyauta ba ta cika sai an karɓe ta tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, idan ba haka ba ta koma gado, kuma malamai sun tsananta a kan gidan da miji ya ce ya ba matarsa alhali yana ci gaba da zama a ciki. Ba kai za ka yanke wannan ba, ba kuma dillali ba. Shawarata ita ce magada su kai maganar kotun shari'ar Musulunci, a lissafa su kaf, a yi wa gidan ƙima, a sayar maka a gaban kotu, kowa ya karɓi kasonsa a rubuce, kai kuma a ba ka takardar mallaka ta kotu tare da kwafin hukuncin. Rabon da suka yi a gida na sauran dukiya bai haramta ba idan manya ne kuma sun yarda, amma inda akwai maraya da wanda ba ya gari, barin alƙali ganganci ne da haƙƙin mutane.

Mai Harkar Filaye

Barista da Malam, Allah ya ƙara sani. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba, amma ina so a kalli yadda kasuwar take a ƙasa, domin na daɗe a cikin wannan sana'a. Gidaje masu ɗimbin yawa a unguwannin Kano, musamman na awon igiya, wato filayen da ba gwamnati ce ta auna su ba, ba su da wata takarda da ta wuce ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci, kuma a haka ake saye, ake sayarwa, ake gado. Mutane ba don jahilci kawai suke gudun sauya suna ba. Akwai kuɗin amincewar gwamna, da harajin hatimi, da kuɗin rajista, da bashin kuɗin ƙasa, da ladan lauya, ga kuma jira, kuma duk ana lissafa yawancinsu ne a kan ƙimar gidan. A wannan gida ma ciniki biyu za a yi wa rajista. Magadan da suke buƙatar kuɗi yau, idan ka ce su jira duk wannan, gobe za su sami wanda zai biya ba tambaya.

Kuma gidan da aka zauna a cikinsa sama da shekara 30 ba wanda ya ce uffan, ai hauzi, wato daɗewar riƙe wuri ba wanda ya yi jayayya, ya riga ya rufe bakin mutumin farko, tunda shekara 10 malamai suka ce. Ni a ganina maganar Malam ce wajibi, wato a je kotu a raba. Da zarar takardar kotu ta shiga hannunka, ɗan'uwa, ka biya ka shiga gidanka, sauya suna kuma ka bi shi a hankali idan ka sami sarari. Abin da zan ƙara kawai shi ne a cire bashin kuɗin ƙasa da na ruwa da na wuta daga cikin farashin, domin na marigayi ne, kuma kada a ba dillali la'adarsa cikakkiya sai an gama a kotu.

Ɗan Tarauni

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sake zama da babban ɗan, kuma ya amince da zuwa kotu, ya ce maganar kason kakarsu bai taɓa zuwa masa a rai ba. Na kuma samu labarin cewa mutumin farko yana raye, ya tsufa sosai, yana zaune wurin 'ya'yansa a Zariya. Dillalin ya kawo shawarar a je a karɓo mini takardar wakilci daga wurinsa wadda za ta ba ni ikon yin duk abin da nake so da filin, wai ta fi sauƙi da arha. Barista, ko wannan ta wadatar?

Lauya Mazaunin Kano

Labarin cewa dattijon yana raye shi ne mafi daraja a cikin duk abin da aka faɗa a nan, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yarda da shawarar Alhaji Mai Harkar Filaye ta a bi sauya suna a hankali ba, duk da cewa gaskiya ya faɗa a kan tsada da jira. Yau sa hannun mutum ɗaya kake nema, mutumin da ya san ya sayar kuma ya karɓi kuɗinsa. Ranar da ya rasu, sa hannun magadansa za ka nema, waɗanda wasunsu ba a haife su ba lokacin cinikin, kuma za su ga fayil da sunan mahaifinsu a kan gidan miliyoyi. Hauzi garkuwa ce da za ka kare kanka da ita idan an kai ka ƙara, amma ba ya goge suna daga fayil, kuma sashe na 39 na dokar ya ba Babbar Kotu ce hurumin rikicin filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa. Takardar kotun shari'ar Musulunci tana tabbatar da cewa magadan Alhaji sun sayar maka da abin da Alhaji ya bari. Ba ta shafi dattijon Zariya ba, domin ba ya cikin shari'ar.

Takardar wakilci kuma ba ta mayar da mallaka. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ude da Nwara a 1993: izini ce kawai ta yin aiki a madadin wani. A ƙa'ida tana mutuwa da mutuwar wanda ya bayar, sai irin wadda aka rubuta ba mai warwaruwa ba saboda an biya kuɗi, ita ma kuma a wurin mutum mai yawan shekaru ba abin da zan kwantar da kai a kansa ba ne. Tunda za a yi tafiyar, a tafi da cikakkiyar yarjejeniyar miƙa haƙƙi wadda lauya ya rubuta, da fom ɗin neman amincewar gwamna, da hotunansa da shaidar ɗan ƙasa, ya sa hannu a gaban manyan 'ya'yansa su zama shaidu, domin kada wani ya zo daga baya ya ce an yaudari tsoho. Lauyanka zai duba da ma'aikatar ko za a yi wa cinikin biyu rajista a jere, ko kuwa dattijon ya miƙa maka kai tsaye magadan Alhaji su shiga yarjejeniyar a matsayin masu tabbatarwa.

Jerin aikin a wurina shi ne bincike, sai Zariya, sai kotu, sai ma'aikata. Kana iya sa hannu a yarjejeniyar saye tun kafin amincewar gwamna ta fito, doka ba ta hana ba, amma a rubuta a ciki cewa wani kaso na kuɗin zai zauna a hannun kotu ko lauyan da kuka yarda da shi har sai an karɓi takardun a ma'aikata. Gyaran cinikin farko da bashin kuɗin ƙasa nauyin magada ne, tunda gibin daga wurin mahaifinsu ya taso. Kuɗin rajistar naka cinikin kuwa, bisa al'ada mai saye ne yake ɗauka.

Gwaggon Marayu

Assalamu alaikum. Ɗana, ina roƙonka abu ɗaya, domin na ga yadda irin wannan ciniki yake ƙarewa a kan mata. An taɓa sayar da gidan gado a danginmu, aka kai takarda kotu da sunayen mata da sa hannunsu, alhali wasunsu suna ɗakunan mazajensu ba wanda ya tambaye su, wasu kuma kunyar yayyensu ta hana su cewa a'a. Ka dage a kira matan marigayin da 'ya'yansa mata kowace ta faɗi yardarta da bakinta gaban alƙali, kuma kason kowace ya shiga asusunta na banki kai tsaye. Sannan ka tambaya tun yanzu ina matan biyu da ƙananan yaran za su koma, a rubuta ranar da za a ba ka mabuɗi. Idan ba a tanadar musu wurin zama ba, za ka biya kuɗi ka zo ka tarar da uwar marayu a cikin gida, kuma ba na jin za ka iya fitar da ita da hannunka.

Tsohon Safiyo

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni nawa ƙarin a kan ƙasar ne ita kanta, domin rahoton bincike yana ba da labarin fayil ne, ba ya ba da labarin katanga. A cikin satifiket akwai taswirar filin da lambar fuloti da lambobin duwatsun iyaka da faɗinsa. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna gidan ya gwada da taswirar. A tsofaffin awon gwamnati an sha samun wanda ya gina a fulotin maƙwabcinsa saboda an nuna masa ba daidai ba, kowa yana riƙe da takardar wurin da ɗayan yake zaune, an kuma fi samun wanda ya ja katangarsa ya ci hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Wannan ƙarin ba ya cikin abin da gwamnati ta bayar, ranar rusau ba diyya a kansa, don haka bai kamata ya shiga farashi ba. Ka nemi takardar amincewar gini ta hukumar tsara birni, wadda yanzu ake kira KNUPDA, kuma idan an fitar da shaguna a jikin gidan ka duba ko an sami izinin sauya amfani, tunda filin na zama aka bayar.

Idan wasu daga cikin magadan suka ce su ba za su sayar ba, a yanka musu ɓangarensu kai ka sayi saura, ka sani cewa sashe na 24 ya hana raba fili mai irin wannan takarda gida biyu saboda gado sai da amincewar gwamna. Sai an sake awo, an soke tsohon satifiket, an fitar wa kowane ɓangare nasa. Katangar da aka ja a tsakar gida ba ta yin wannan aikin.

Gwamnatin Kano ta fara aikin sabunta takardun shaidar mallaka a ƙarshen 2024, saboda haka lauyanka ya tambaya a cikin takardar binciken ko an sabunta wannan fayil, kuma idan an sabunta, wane ne ya kawo shi da kuma wace takarda ya nuna. Idan ba a sabunta ba, a haɗa fom ɗin sabuntawar cikin takardun da za a kai wa dattijon Zariya ya sa wa hannu a zama ɗaya.